Isaiah Kambai Mai Hoto da Fuskar da Ta Ƙi Miƙewa

An haifi marigayi Isaiah Kambai a garin Kafanchan ranar 9 ga Maris, 1952. Mahaifinsa, Kambai Yashim, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa Ladi kuma tana fataucin citta. A shekarar 1958 aka yi wa mahaifin canjin wurin aiki zuwa Minna, iyalin suka sauka a Sabon Gari, unguwar da Isaiah bai sake bari ba har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu da Sana'a

Ya yi firamare a makarantar mishan daga 1959 zuwa 1965, inda malamai suka shaide shi da tsabtar littafi, amma ba da lissafi ba. A 1968 ya shiga koyon ɗaukar hoto a hannun Alfa Nma, wani Banufe mutumin Bida, kuma bayan shekara biyar ya buɗe nasa shagon. Daga wannan lokaci, da wuya a yi biki ko suna tsakanin Garatu da Kuta ba a gan shi rataye da kyamara ba. Ɗabi'arsa ce ba ya yar da fim ɗin da ya wanke, sai ya sa shi a ambulan, ya rubuta kwanan wata, ya adana a shago.

Aure da Iyali

A watan Disambar 1979 ya auri Magdalina, malamar ɗinki, suka haifi 'ya'ya uku. Ta rasu a 1992 bayan gajeriyar rashin lafiya, ta bar autarsu Precious tana wata takwas. A 1999 gobara ta cinye gidansa tare da duk hotunan da ke ciki. Nan ne asirinsa ya tonu: mutumin da ya ɗauki matan gari kaf, sau ɗaya tak ya zaunar da matarsa a gaban kyamara, a 1986. Guntun fim ɗin wannan hoton, da ke adane a shago, shi ne abin da ya rage na kamanninta a duniya. Kafin ya farfaɗo daga asarar, sana'ar ta koma kwamfuta, ɗakunan wanke hoto sun rufe, takarda da sinadari sun ɓace a kasuwa. Precious ta tashi ba ta san fuskar mahaifiyarta ba, shi kuwa ya yi alwashin sai ya damƙa mata ita kafin ya bar duniya.

Shekarun Sikana

A watan Yunin 2017 babban ɗansa Eric ya kawo masa sikana daga Abuja, na'urar da ke bin fim sannu a hankali tana mayar da shi hoto a kwamfuta. Da ya sa fim ɗin Magdalina, hoton farko ya fito a karkace: hanci ya lanƙwashe, baki ya zame gefe, kamar fuskar da aka gani a ruwan bokiti. Ya sake gwadawa, sai fuskar ta fito da wata karkatar dabam.

Ya goge gilashin har ya gaji. Ya sauya wayar da ke haɗa na'urar da kwamfuta sau uku. Ya danne fim ɗin tsawon wata guda cikin Littafi Mai Tsarki, ko da lanƙwasa ce. Ndaliman, mai gyaran kwamfuta, ya ɗauki na'urar zuwa shagonsa ya gwada ta da wani fim, ta yi aiki sumul, da ta dawo ta koma halinta. Ya nemi a ba shi fim ɗin Magdalina ya tafi da shi, Isaiah ya ce ko nan da ƙofa ba za a fita da shi ba. Janareta ma ya hana a jona, domin an ce masa yana ƙona irin waɗannan na'urori, saboda haka sai an kawo wuta yake aiki.

Zuwa ƙarshen 2018 ya tara fuskoki arba'in da ɗoriya, kowace da tata karkatar, yana jera su yana dubawa dare da rana. Abin tausayi, a nan ne ya rikice ƙwarai. Ya shaida wa Ndaliman cewa yanzu ko ya rufe ido ba ya iya tuna ko haɓar Magdalina doguwa ce ko zagayayyiya.

Ranar 14 ga Nuwamba, 2019, aka kawo wuta da hantsi, hoton ya fito a miƙe, tsaf. Ndaliman, da ke wurin a lokacin, ya lura shagon ya yi tsit, ya leƙa waje, ya tarar bel ɗin injin markaɗen Sakinatu, maƙwabciyar da bango ɗaya ya raba su, ya tsinke. Ashe duk sanda aka kawo wuta, ita da Isaiah tare suke kunnawa, injin na girgiza tebur, na'urar na rawa. Shekara ashirin yana jin ƙarar injin nan har kunnensa ya daina kula ta.

An kira Precious, mai shekara ashirin da takwas a lokacin. Isaiah ya dubi hoton, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana maimaita hakan, sannan ya ce, “Wannan ba Magdalina ba ce, Precious ce. Kun sa mini hotonta don ku kwantar mini da hankali.” An nuna masa kwanan watan da ya rubuta da hannunsa a ambulan, bai gamsu ba. Ya ci gaba da gwaji har ganinsa ya yi rauni, yana mai imanin cewa na'urar ba ta gyaru ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 2021, yana da shekara sittin da tara. An yi masa sujadar jana'iza a cocinsu da ke Sabon Gari, aka binne shi kusa da matarsa. Ya bar jikoki biyar da 'ya'ya uku: Eric, injiniya a Abuja, Noah, malamin makaranta a Kuta, da Precious, ma'aikaciyar jinya a Minna, wadda ta rataye hoton a falonta, kuma har yau duk baƙon da ya shigo sai ya tambaye ta yaushe ta ɗauka.