Geron Ista Ba Ya Zuwa Inji

Ranar Asabar ɗin jajiberin Ista, shekarar da nake aji biyar na firamare a tsakiyar shekarun 1990, ina tsugune a ƙofar ɗakinmu a unguwar Habbena ta N'Djamena ina wanke kofunan shayi, sai na ji ana mirgino wani abu mai nauyi a lungu. Kafin in miƙe, turmi ya riga ya shigo tsakar gida, samari biyu na cocinmu suna tura shi, a bayansu kuma Kaka Hannatu ce, shugabar zumuntar mata, ta dogara taɓarya ɗaya kamar sanda, ɗayar tana kafaɗarta. Hantsi bai yi ba, amma zafin bazara ya fara cin tafin ƙafa. Duk mutanen gidan hayar nan suka zuba ido. Har Hajja Kande mai gidan, wadda bakinta ba ya hutawa, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Aka kafa turmin daidai tsakanin ɗakinmu da ɗakin Am Madji, wato uwar Madji da Larabcin nan, maƙwabciyar da Mama ta kusa shekara ba ta amsa gaisuwarta ba. A cikin ɗakinmu kuwa akwatin Mama yana ɗaure da igiya, domin ta riga ta gaya wa Baba cewa ana gama Ista za ta kwashe mu, ni da ƙanena Ishaku, ta koma garinsu a Najeriya.

Baba makanike ne, aiki ya kawo shi N'Djamena tun ina goye. Cocinmu a lokacin ɗan ginin laka ne da rufin kwano, kujerunsa tubali ne da aka shafe da siminti, in ka daɗe a zaune sai ka ji a ƙashinka. Mutanensa tarkacen baƙi ne: masu jin Hausa daga Najeriya da Nijar da Kamaru, sai 'yan kudancin Chadi da suka zo neman abinci. Fasto zai yi wa'azi da Hausa, wani ya juya da Larabcin Chadi, wata tsohuwa kuma ta raɗa wa ta kusa da ita da Ngambay, yaren 'yan kudu. Abin da aka cusa mana a makarantar Lahadi bai da yawa, amma an cusa shi sosai. Allah ya yafe mana ta wurin Almasihu tun ba mu roƙa ba, don haka ba mu da bakin hana wani gafara. Teburin Ubangiji ɗaya ne, babu na Bahaushe babu na ɗan kudu. Kuma duk wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, kada ya miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji sai ya je sun shirya. Babu mai tsare ka a ƙofa ya bincike ka. Kai ne za ka bar faranti ya wuce, kowa yana gani.

Kafin abin ya faru, Mama da Am Madji ba a raba su. Am Madji 'yar kudu ce, doguwa, mai dariya da dukan jiki, kuma a wurinta Mama ta koyi miyar daraba, wato ta kuɓewa, da busasshen kifin salanga, ita kuma ta koyi ƙosai da kunun tsamiya. Da Larabci suke hira, Larabcin Mama kuwa abin tausayi ne, Hajja Kande tana gefe tana gyara mata tana yi mata dariya. Hajja ita Hausar ma ta gado ce, kakanninta sun taso za su Makka suka yada zango a nan, zangon ya zama gida. Mu yara muna tashi mu yi layin famfo da bokitai, mu share tsakar gida, mu ɗauki allunanmu mu ruga lakwal, wato makarantar boko, kafin malam ya fito da bulala. Da yamma 'yan mata mu yi carafke a gindin dalbejiya, Ishaku da Madji, ɗan Am Madji, su ƙera motocin waya ko su bi tsuntsaye da danƙo. Su biyun nan kwano ɗaya suke ci, in aka doki ɗaya ɗayan ne ke fara kuka.

Danƙon nan ne ya jawo mana. Wata rana bayan ruwan farko, Madji ya auna kurciya a kan katanga, Ishaku ya leƙo daga bayan katangar daidai lokacin, dutse ya same shi a idon hagu. An kai shi asibiti, an yi abin da za a iya, idon bai dawo ba. Mutanen coci sun yi mana hidimar da ba zan manta ba. Mata suka raba kwanaki suna kawo abinci, dattawa suna zuwa addu'a, samari suka riƙe wa Baba gareji. Am Madji ta zane Madji har sai da aka ƙwace shi, sannan ta je wurin Hajja Kande ta koyi maganar da za ta faɗa da Hausa, don ta shiga zuciyar Mama da harshen Mama. Ta zo ta durƙusa a ƙofarmu a cikin caɓi tana maimaitawa, "Ba da gangan ba ne, ki yafe mana." Mama ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Da gangan ko ba da gangan ba, idon ya dawo?" Ta saki labule.

Daga nan gidanmu ya koma wani iri. Mama ta ɗaura igiyar shanya ta daban, ta canja lokacin zuwa famfo, ta hana mu taka gefen su Am Madji. Kowane farkon wata a coci, in faranti ya zo kanta, sai ta harɗe hannu a ƙirji ta kafa wa bango ido har ya wuce. Mace ce mai tsoron Allah, ba za ta ci da ƙarya ba, kuma ba za ta yafe da ƙarya ba, sai ta zauna a tsakiya tana ramewa. Baba ya yi magana har ya gaji. Abin dariyar shi ne, mai idon kansa ya daɗe da wucewa wurin. Ishaku da Madji suna haɗuwa a bayan lakwal su raba mangwaro, Ishaku har cika baki yake wai yanzu ya fi kowa iya saiti tunda ba sai ya rufe ido ɗaya ba. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni. Ban san kowa a garin su Mama ba, Turancinsu ban iya ba, ƙawayena duk suna nan, Baba kuma ya ce shi ba zai bar aikinsa ba. In akwatin nan ya fita ƙofa, gidanmu ya rabu biyu ke nan.

To, cocinmu yana da wata al'ada da ban taɓa ganinta a wani wuri ba. Ranar Ista bayan sujada ana cin tuwo tare a harabar coci, kuma ko da yake injin niƙa yana nan a bakin kasuwa, Kaka Hannatu kullum cewa take, "Geron Ista ba ya zuwa inji." Da hannu ake surfa shi a daka, kuma ba kowa ake ba aikin ba. Duk shekara sai ta duba cikin zumunta ta ga su wa ba sa ga maciji da juna, ta kai musu turmi ɗaya da taɓarya biyu har gida. Ba ta yin wa'azi, ba ta tambayar wa ke da laifi. In kin ƙi, ba mai tilasta ki, amma ba za a kai geron wani wuri ba, ikilisiya duka za ta yi Ista babu tuwo. Wanda ya taɓa daka ya san dalilin dabarar. Mutum biyu ba sa daka a turmi ɗaya sai kowa yana sauraron hannun ɗan'uwansa.

Kaka Hannatu ta zuba gero, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta zauna abinta. "Am Rifkatu," ta kira Mama da sunana, uwar Rifkatu ke nan, "yaran ikilisiya za su ci gobe ko ba za su ci ba?" Mama ta daɗe a ɗaki. Da ta fito, ta ci ɗamara da gyale, fuskar nan kamar hadari, ba ta dubi kowa ba ta fizgi taɓarya. Am Madji ta ɗauki ɗayar a sanyaye. Kai, ban taɓa ganin daka irin wannan ba! Mama tana sauke taɓarya kamar da turmin take faɗa, ba ta jiran ta Am Madji ta ɗaga, sandunan suna karo suna ƙara, gero yana tsalle yana watsewa, kajin Hajja suna biki. Am Madji tana ta ƙoƙarin bin ta, gumi yana zuba mata har haɓa. Hajja Kande ta kasa haƙuri ta ce, "Yau ko turmin ya fashe ko ɗayarku." Ba wanda ya yi dariya.

Can sai gero ya taru a bakin turmi zai zube. Am Madji ta kai hannu ta mayar da shi ciki yadda kowace mace ke yi, tana zaton Mama za ta dakata. Mama ba ta kallonta, ina za ta gani? Taɓarya ta sauka a kan yatsunta. Ƙarar da Am Madji ta yi har yau tana kunnena. Jini ya ɓata geron, Mama ta yar da taɓarya ta cafke hannun tana ihu, "Wayyo Allah! Ba da gangan ba ne! Allah ya sani ba da gangan ba ne!" Sai kuma ta dafe bakinta, saboda ta ji abin da ya fito daga cikinsa. Am Madji, hawaye shaɓe-shaɓe, ta dube ta ta ce da 'yar Hausarta, "Na sani, 'yar'uwa." Mama ta sulale ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume ƙafafun matar nan, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a asibiti. Ita ce yanzu take cewa a yafe mata. Kaka Hannatu ba ta motsa daga tabarma ba, leɓunanta kawai ke motsi.

Hajja ta kawo ruwan ɗumi da gishiri, Mama ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure yatsun. Aka ce Am Madji ta je ta kwanta, ta ce ina, ai aikin ba a gama ba. Aka kwashe geron da ya ɓaci, aka zuba sabo, ta riƙe taɓarya da hannu ɗaya, Mama kuma ta rage ƙarfi tana jiran ta. Da farko a hankali, tim, tim, kowa na duban hannun ɗaya. Sai sautin ya daidaita, ya fara daɗi, ya koma lugude sosai. Am Madji ta ɗauko wata waƙar coci da Ngambay, Mama ta amsa da Hausa, ban san lokacin da Mama ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe ba. Matan zumunta da ashe suna laɓe a lungu tun safe suka ɓarko da guɗa, wasu da faifai wasu da rariya, tsakar gida ta cika da dusa da rawa. Hajja Kande ta rangaɗa guɗar da ta fi ta kowa, tana cewa ita dai ta huta da zaman makoki a gidanta. Ishaku da Madji suka fito daga inda suka ɓuya hannu cikin hannu, Mama ta jawo Madji ta ɗora kansa a ƙirjinta. Ni kuwa na shige ɗaki na hau kwance igiyar akwati da haƙori, ba wanda ya aike ni.

Washegari coci ya cika har waje. Aka yi shelar cewa Almasihu ya tashi, muka amsa har kwanon rufi yana amsawa. Da faranti ya zo layinmu, sai na ga kowa ya ɗan juyo. Mama ta miƙa hannu ta ɗauki gurasa, ta ɗauki ƙoƙo, sannan ta riƙe wa Am Madji nata don hannunta yana naɗe. Fasto kuwa sai kawai ya ɗaga hannu mawaƙa suka ɗauka. Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya taka rawa ba, ya fito tsakiya da rigarsa ta Ista yana juyi. Tuwon ranar ya ɗan yi tsaki-tsaki, gaskiya, dakan hannu ɗaya ne, amma har ƙanzo sai da aka kankare.

Yanzu ina zaune a unguwar Lamadji da nawa iyalin. Cocin ya zama ginin bulo mai fanka da lasifika, kuma kusan kowane layi akwai wani. In mutum ya ɓata da ɗan'uwansa, ba ya shan wahalar barin faranti ya wuce, sai ya ɗauki jakarsa ya koma coci na gaba inda ba a san shi ba. 'Ya'yana ba su san nauyin taɓarya ba, ni ma ban matsa musu ba. Mama ba ta koma Najeriya ba, a nan ta tsufa, a nan muka binne ta. A ciwonta na ƙarshe Am Madji ce ta tare a ɗakinta, tana ba ta kunu cokali cokali, kuma da wannan yatsan da ya warke a karkace ta rufe mata ido. Mu a wurinmu gafara aiki ce, da gumi ake yin ta.