Rubutun Da Kare Ya Cinye

Kakata ba ta taɓa wuce Kaduna ba, amma ta san ƙasar Burma fiye da yadda na san Greensboro, garin da nake zaune a ƙasar waje, bayan duk shekarun da na yi ina bin titunanta. A bakinta ma ba Burma ba ce, Boma ce. Mijinta, wanda aka sa mini sunansa, yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa can a yaƙin duniya na biyu. Ya dawo da tari, da kunne ɗaya da ba ya ji, da labari guda. Tarin ya tafi da shi tun ba a haife ni ba. Labarin kuwa ya bar mata.

A Tudun Wadan Zariya muke. Da an sallame magariba an sauke tuwo, sai ta ja kujerarta bakin murhu, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Wasu don labari suke zuwa, wasu don dankali, ni kuma duka biyun. Ba ta kiran sunana, tunda na mijinta ne.

"Maigida, matso kusa," in ji ta. "Kai ka ɗauko labarin nan a jakar soja, ga shi yau sai an tuna maka."

Ta ce a Boma akwai mutanen kwari, akwai mutanen tudu. Na kwari su ke da sarki, mai farar giwa da ake riƙe wa laima. Sarkin nan idan gari ya ishe shi, sai ya sa a kwance fadarsa ta katako, a ɗora wa giwaye, a je a sake kafawa a wani wuri. Mukan yi dariya a nan, don mu ko gadon Kaka aka ce a gyara wa zama sai an yi rigima.

To, da aka tashi raba wa mutanen duniya rubutu, na kwari suka karɓi nasu a kan dutse. Na tudu hanyarsu da nisa, ga hawa, sai suka ce a sa musu nasu a kan fata, ta fi sauƙin ɗauka. A hanya ruwa ya dake su. Da suka isa gida suka shanya fatar a kan danga, suka shiga neman abin taɓawa. Kafin su fito, kare ya lashe baki.

"Duka ya cinye, Kaka?" Kullum sai ƙanwata Hassu ta tambaya.

"Har igiyar da aka ɗaure ta da ita. Ke kin taɓa ganin kare ya rage wa wani?"

Daga nan sai muryarta ta yi ƙasa. Ta ce wata tsohuwa ce ta hana mutanen tudu zaman makoki. Ta tara gari, ta sa kowa ya faɗi abin da ya tuna daga cikin fatar, sannan ta raba gida-gida: wannan gida ya riƙe sunayen kakanni, wancan magunguna, wancan iyakokin gonaki, kowa ya riƙa maimaita wa 'ya'yansa nasa kason a bakin wuta. Da sarki ya aiko a karɓo masa littafin mutanen tudu don ya san su wane ne da su wane, sai aka ce da ɗan aike ya zaɓi bakin da zai ɗauka. Ya koma hannu rabbana.

"Fadar kuma," takan ce tana tono dankali, "wuta ta cinye ta a yaƙin da kakanku ya je. Ku karɓa, da zafi."

Ina aji uku na sakandare na dawo hutu da ilimi ya yi mini yawa a ciki. Na ci karo da shafi ɗaya da rabi a kan sarakunan Burma a wani littafin tarihi, na kuwa haddace. Da ta kawo wajen kare, sai na gyara murya a gaban ƙannena, na ce littafi ya kawo sarakuna da garuruwansu, amma babu mutanen tudu, babu fata, babu kare. Na ƙara da cewa malaminmu ya ce abin da ba a rubuta ba, ba tarihi ba ne, hira ce.

Ta daɗe tana juya toka da tsinke.

"To, madalla," ta ce. "Maigida ya yi boko."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba ta sake taɓa labarin Boma ina wurin ba. Ta rasu ina jami'a. Tun daga nan tambaya ɗaya take bina: ƙaryata ta na yi a kan gaskiyarta, ko kuwa rashin kunya kawai na yi wa mai ƙirƙira? Ko wanne ne ba abin alfahari ba ne, amma na so in san wanne.

Yanzu Turanci nake koya wa manya, sababbin zuwa, a wani ɗaki kusa da tashar bas ta tsakiyar Greensboro. Akasarinsu daga aikin sito suke zuwa a gajiye, ni ma na iso a gajiye daga cunkoson motocin titin Wendover, sai mu haɗu mu gajiyar da juna. A cikinsu akwai wata dattijuwa, Pi Hoikim. Pi ɗin girmamawa ce, kamar mu ce Iya. Takardarta ta ce Burma, amma ita ta ce yarenta Thadou ne, ɗaya daga cikin harsunan Kuki da Chin na duwatsun iyakar Burma da Indiya. Yau ana rubuta shi da baƙaƙen boko, sai dai ita ba ta taɓa shiga aji ba sai nawa.

Wata Laraba ta shafe rabin awa a kan jimla guda, tana riƙe da biro kamar muciya. Ina jin na yi ajiyar zuciya da ƙarfi, don ta ɗago ta dube ni.

"Ticha, kada ka gaji da ni," ta ce cikin guntun Turancinta. "Mu ma an ba mu rubutu. Kare ne ya cinye."

Aji ya fashe da dariya. Ni sai na nemi kujera.

Bayan an tashi na raka ta tasha, muka zauna a benci, na kwashe labarin Kaka na ba ta. Tana ta gyaɗa kai: fatar, haka ne, karen, haka ne. Da na iso wajen tsohuwar da ta raba gida-gida, sai ta ɗaga hannu.

"Wannan ba namu ba ne."

"Babu tsohuwar?"

"Babu. A namu kare ya ci, shi ke nan, muka zauna haka. Kakarka makaranta ta yi?"

Na ce ko alli ba ta taɓa riƙewa ba.

"To, shi ya sa," in ji ta. "Tausayinmu ta ji."

Shekara talatin da wani abu ina jiran hukunci, ga shi ya zo rabi da rabi, kuma duka rabin biyu ni suka kayar. Abin da na ce ƙarya ne, gaskiya ne. Abin da ta ƙara kuwa, sai a bencin nan na gane ba don mutanen Boma kaɗai ta ƙara shi ba. Mace ce da ba ta da takarda, tana kallon jikokinta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya wurin masu dutse, ta zauna tana raba mana abin da ke kanta tun da sauran lokaci. Ni nawa kason na mayar mata a gaban yara.

Bas ɗin Pi Hoikim ya shigo ya buɗe ƙofa. Na miƙa mata jakarta. Ba ta karɓa ba.

"Jikokina kullum suna tambaya, bayan kare sai me? Ba ni da amsa. Sake faɗa mini ta kakarka, a hankali, in riƙe."

Na laluba aljihu na ce bari in rubuta mata.

"Wa zai karanta? Ni?" Ta yi wa direba hannu ya tafi, ta gyara zama. "Akwai wani bas. Fara daga tsohuwar."