Faifan Baba Mai Maƙalewa

Ɗakin baƙinmu na unguwar Romi ya daɗe da daina karɓar baƙi. Gadon yana nan, amma kafin ka kai gare shi sai ka ratsa kantoci uku na fayafayan garmaho, kusan dukansu na mawaƙi ɗaya. Maigidana yakan ce shi mace ɗaya ya aura, bai san za a haɗa masa da mawaƙi da 'yan amshinsa ba. Ni kuwa nakan ce masa ya gode wa Allah, mawaƙin ba ya cin tuwo.

Mutumin ɗan Filato ne, da Hausa yake waƙa, da jita da begila, kuma ya rasu tun ina firamare. A gidanmu ba a kiran sunansa, sai dai a ce mutumin Baba. Fiye da shekara goma na yi ina bin fayafayansa. Na shiga gidajen tsofaffin ma'aikata, na tsuguna gaban masu gwanjo, na taɓa ciro wani daga ƙarƙashin buhun masara a gidan wata gwaggo. In na samu sai in wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, in shanya a inuwa, in sa masa sabon kwali. Ni malamar makaranta ce, ba na son abu da tabo. Littafin ɗalibi ne ko faifai, in na ga datti sai raina ya ɓaci.

A wurin Baba na gaji wannan cuta. Shi ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma abin da ya fi daraja a ɗakinmu shi ne garmahonsa, wani ƙaton akwatin katako mai ƙafa huɗu da Mama ke rufewa da ƙyalle mai fure. Ranar Asabar da yamma, in ya yi wanka ya shafa mai, sai ya ɗaga murfin ya sa faifai ɗaya da ya fi so. A cikin waƙar wani matafiyi ne ke aika wa matarsa saƙo, yana cewa ta ajiye masa tuwo, yana nan tafe. To daidai nan faifan ke da karce. Allura na zuwa wurin sai ta maƙale, mawaƙin ya yi ta cewa “ina nan tafe, ina nan tafe, ina nan tafe,” ba ya gaba.

Baba bai taɓa sa hannu ya ɗaga allurar ba. Yana cikin rawa zai matsa a hankali, ya bar mawaƙin ya faɗa sau uku, a na huɗu sai ya daki akwatin da ƙugu. Allura ta yi tsalle, begila ta ɓarke, Mama ta rangaɗa guɗa ta shiga fili. Kullum haka. Ba ta tashi sai an daki akwatin, shi kuma ba ya daka sai ya kalle ta ya ɗaga gira. Mu yara har mun ɗauka haka aka yi waƙar. Na girma sosai kafin na gane cewa a wasu gidajen matafiyin sau ɗaya yake faɗa ya wuce.

Da Baba ya rasu, Mama ta ce in kwashe garmahon da fayafayan, ba ta son ganinsu. Daga ranar kuma ta daina rawa. Wanda bai san ta ba zai ce wannan ba wani abu ba ne. Mama ce ke jan layin matan zumunta a coci, in ta ɗaura ɗankwali ta kama gefen zane, har fasto sai ya manta da agogo. Shekara huɗu tana zaune a kujera tana tafi kawai. A bikin ɗiyata ma haka ta yi, ta zauna tana murmushi, mata suka ja ta ta ce gwiwa. Na san ba gwiwa ba ce, domin da wannan gwiwar take nome bayan gidanta na Kamazou. Abin ya dame ni ƙwarai. Da aka sa ranar sujadar godiya ta cikarta shekara saba'in, na ce wa maigidana ko ana ha-maza ha-mata sai Mama ta yi rawa.

Ina da makamin da nake taƙama da shi. Watanni kafin nan wasu mutane a ƙasar waje sun sake buga fayafayan mutumin Baba, sababbi ful, na sa aka kawo min. Ranar da na buɗe kwalin har sunsunar shi na yi. Faifai mai nauyi, baƙi wuluk, ko ƙura babu. Da na sa shi na ji kiɗan da ban taɓa sanin yana cikin waƙar ba, har numfashin mai begila ana ji. Na ɗauko tsohon na Baba na ajiye kusa da shi, ga karce, ga kwalin da aka liƙe da salatif, ga tabon manja a tsakiya inda Mama ta taɓa kama shi da hannun miya. Sai na ji ya ɓata min kanta. A ranar na haɗa shi da wasu da suka lalace na ba maigidana ya kai wa mai askinsa a Mahuta, wanda ke ƙawata shagonsa da tsofaffin fayafayai. Ban ko yi shawara da kowa ba.

Saura mako biyu sujada na ɗauko Mama zuwa gidana bayan coci. Na dafa mata gwate, na zaunar da ita a falo inda akwatin Baba yake, na sa sabon faifan ina ta yaƙe haƙora. Jita ta fara, na ga ƙafarta ta soma motsi a ƙarƙashin zane. Matafiyin ya ce a ajiye masa tuwo. Ya ce yana nan tafe, sau ɗaya, begila ta shigo, waƙa ta wuce abinta sumul. Ƙafar Mama ta tsaya.

“Wannan kuma na wane ne?” in ji ta.

“Shi ne dai, Mama. Sabo aka buga. Kin ji yadda ya fita tas?”

“Ya fita. Amma wannan mutumin sauri yake yi. Ina na babanku?”

Na fara kame-kame. Na ce ai ya tsufa, ya karce, ba ya jin daɗin saurare. Ta dube ni irin kallon da take min tun ina yarinya in na fasa kwano na ɓoye.

“Kin yar?”

“Ban yar ba, Mama. Na bayar.”

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Ta ce gwaten ya yi daɗi, ta nemi a samo mata keke mai ƙafa uku ta koma gida. Na tsaya a bakin ƙofa kunya ta rufe ni. Fiye da shekara goma ina tara kayan mutum ɗaya, ina yi wa mutane lacca a kan wanne aka fara bugawa, ashe wanda ya fi duka na ɗauka na ba mai aski.

Washegari ina tashi daga makaranta na nufi Mahuta. Ban taɓa shiga shagon ba. Maza huɗu na zaune a benci suna gardamar ƙwallo, suka yi tsit da ganin mace da jakar littattafai. Na ɗaga kai. Fayafayai sun fi talatin a jikin bango da silin, kowanne an buga masa ƙusa ta ramin tsakiya.

“Madam, aski ko gyaran gira?” in ji mai shagon, wani dattijo mai ƙaton tumbi da fara'a.

Na gaya masa ko ni matar wane ce, da abin da ya kawo ni.

“Haba madam, abin da aka ba ni kyauta? Kuma ai ba ya ma yi, oga ya ce skrach ya cinye shi.”

“Karcen nake nema, Baba.”

Mutanen benci suka fashe da dariya. Wani ya ce shi dai bai taɓa jin an dawo neman abu don ya lalace ba. Raina ya so ya ɓaci, amma na tuna ni na jawo, sai na zauna na ba su labarin tun daga Kakuri, har na tashi na gwada musu yadda Baba ke dukan akwati da ƙugu, a jikin kujerar aski. Mai shagon ya ajiye almakashi, ya bar wanda yake yi wa aski da rabin kai, ya hau benci.

“Abeg, wanne ne a ciki?”

“Mai tabon manja.”

Can sama yake, daf da kwanon rufi, inda zafi ya fi sauka. Da ya zare ƙusar ya miƙo min sai na ga ɓarnar. Rana ta lanƙwasa shi, gefe ɗaya ya tashi kamar soyayyen ƙosai. Babu allurar da za ta hau wannan.

Mai askin ne ya ba ni dabara, ya ce haka suke yi a zamaninsu. A samu gilashi biyu, a sa faifan a tsakani, a ajiye a rana ta ɗan lokaci, sannan a shigo da shi a danne da abu mai nauyi har ya huce. Ya ja min kunne cewa in na manta da shi a rana, to sai dai in yi farantin gyaɗa da shi.

Gilashin da ya kai faɗin faifai a gidanmu na teburin falo ne kawai da na kantar kwanuka. Maigidana ya dawo ya tarar na kwance su duka. Ya tsaya ya dubi teburin da ba kai, ya dubi kwanukan aurenmu a ƙasa, ya ce shi dai a bar masa na motarsa. Kwana biyar muna wannan aiki. Da hantsi ranar Asabar, sauran ranakun da la'asar in na dawo, in shimfiɗa a kan dakali, in tsaya a kai da agogo kamar mai gadin jarrabawa, ina korar kaji. In gilashin ya yi ɗumi sai mu ɗauka mu biyu mu shiga ciki, mu ɗora masa ƙamus biyu da Littafi Mai Tsarki na iyali da buhun shinkafa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wani sabon magani ne. Na ce mata e, na gwiwa ne.

A rana ta biyar ya kwanta, ba sarai ba, amma ya kwanta. Yanzu kuma tsorona ya koma wani wuri. Kada zafin da ya miƙar da shi ya gyara har da karcen. Na sa shi a kan akwatin. Allura tana hawa tana sauka a hankali, ƙara kamar ana suya, amma waƙa ta fito. Matafiyin ya ce a ajiye tuwo. Ya ce yana nan tafe. Ya sake faɗa. Ya sake. Ban san lokacin da na yi ihu ba, ina dariya hawaye na zuba. Na ɗaga allurar da hannu na mayar. Ban daki akwatin ba, ba aikina ba ne.

Ranar sujada, bayan an taso daga coci, aka taru a gidan Mama a Kamazou. An kafa rumfa, matan zumunta sun cika tsakar gida da anko, ga shinkafa ga kunu. Mun ɗauko akwatin Baba a bayan mota, muka ajiye shi a baranda na rufe da tsohon ƙyallensa. Mama na zaune a kujerar da aka yi mata ado, tana karɓar gaisuwa. Masu kiɗan coci suka yi nasu, mata suka zagaya, suka ja ta, ta nuna gwiwa. Da aka ɗan lafa na je na yaye ƙyallen. Na ga ta gani. Ta ci gaba da karɓar gaisuwa.

Ƙarar suyar nan ta fara fita, sannan jita. Tsofaffin da suka zauna a Kakuri suka fara gyaɗa kai. Da allura ta kai wurinta ta maƙale, sai mawaƙin ya shiga faɗa. Sau uku, sau huɗu, sau biyar. Wata mata ta ce, “Malama, abin ya tsaya fa,” ta miƙe za ta taɓa. Na riƙe hannunta. Sau bakwai, sau takwas. Mutane suka fara kallon juna. Ni kuwa ina cewa a raina na sake yin wauta, na tono wa tsohuwa ciwo a gaban jama'a.

Sai Mama ta ajiye kofin kununta. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta taka zuwa baranda ba tare da ta dubi kowa ba. Ta tsaya kusa da akwatin ta saurara, ta bar shi ya ƙara faɗa sau uku.

“Na ji,” in ji ta. “Tuwonka na nan.”

Ta daki akwatin da ƙugu. Allura ta yi tsalle, begila ta ɓarke, ta rangaɗa guɗa ta kama gefen zane ta shiga fili.