Barnabas Mai Hawa Rufi da Akwatin Gidan Malam Audu

"Injiniya, yau kwana tara Malam bai ga 'yarsa ba. Ko koko ya ƙi sha. Abin nan naka ya mutu murus, 'yar wutar ma ba ta kamawa."

Uwani ce ke wannan ƙorafi a bakin shagon Barnabas da ke Kawo. Shi kuwa yana zaune a kan benci, ƙafa a miƙe, sanda a gefe.

Wanda bai san Barnabas ba, shi ne mutumin nan da ke ɗaure tsani a saman Keke mai ƙafa uku tun yara ba su tafi makaranta ba. Shekara ashirin ke nan yana hawa rufin mutane. Mu a Badarawa gidaje a cunkushe suke, kwano kan kwano, sabis ba ya shiga ɗaki. Sai ya sa rauta, na'urar nan mai kamo intanet, cikin akwatin roba na eriya, ya ɗaure shi a kan dogon ƙarfe can sama, ya ja masa wuta daga ɗaki. Kirista ne, amma bai taɓa taka tsani ba sai ya ɗaga murya: "A gaya wa matan maƙwabta za a hau sama!" Sai an ce ya hau yake hawa. Kuma ba ya sauka sai ya yi ta juya akwatin yana kira, "Mama, ya kawo? Yanzu fa?"

Haka ya yi wa Uwani. Mijinta Malam Audu ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance a ɗakin ƙurya, ba ya ɗaguwa. 'Yarsu ɗaya tilo, Sa'adiya, tana aure a Fatakwal. Ranar da Barnabas ya gama aikin, aka kira Sa'adiya ta bidiyo, aka kara wa Malam waya a fuska. Mutumin da ya yi wata uku bai yi magana ba ya buɗe baki ya ce, "Sa'a." Daga ranar sai tana kallonsa yake cin abinci.

"Mama," in ji Barnabas, "tsakaninki da Allah, an taɓa akwatin?"

Uwani ta sunkuyar da kai. Da damina ta kama, mai gyaran kwano ya hau, ya ce mata akwai huda a gindin akwatin. Ta ba shi sabulu ya toshe, ta ba shi leda biyu ya naɗe shi ruf, kada ruwa ya shiga.

"Wayyo Mama! Ni na huda shi. Ta nan yake shan iska, ta nan gumi ke ɗiga. Kin dafa shi kamar alale."

"To ai gata na yi masa."

"Na sani, Mama. Akwai wata rauta a shago, ki ɗauka. Hawan ne matsalar."

Hawan ne kam. Wata biyu da suka wuce tsani ya goce da shi a Malali, ƙugu ya tsage. Likita ya ce shi da rufi har abada. Ranar Asabar 'yan'uwansa za su zo su tafi da shi gida Kachiya.

Barnabas, kai ne ka hau rufin da rana ta gasa, ka sauko da tafin hannu a sale, ka sha ruwan randa ka ce an gode. Kai ne ka san ɗakin da mara lafiya yake kafin ka zaɓi inda za ka kafa ƙarfe. Ba wanda ya taɓa kiran sunanka a taro, mu ma sai abu ya lalace muke tuna ka. Mun gode. Allah ya saka, Allah ya ba ka lafiya.

Masu wannan sana'a, ku yi koyi da shi, in akwai mai ji. Uwani ta ɗauki rautar ta tafi, ta kira mutum uku. Biyu sun ce gobe, ba su zo ba. Na ukun ya leƙa rufin, ya ga kwanon ya tsufa, ya ce ta rataye rautar a taga. Ta rataye. Ba abin da ya kawo. Malam kuwa kullum ƙara ramewa yake, idonsa na kan wayar.

Shi ya sa Uwani ta sake dawowa bakin shagon. Shekararta sittin da ɗoriya, gwiwa na ciwo. Ta gyara mayafi, ta dubi tsanin da ke jingine a bango.

"Injiniya, ba hawa na ce ka yi ba. Zan kawo Keke, in sa maka kujera a tsakar gida. Ni zan hau, kai ka riƙa gaya min inda zan juya. Kafin Asabar ɗin nan, don girman Allah, za ka zo?"