Siraran Faskaren Mashti Sha'aban

A ƙauyenmu na saman duwatsun Sawadku, in kana son ka ga fushin Mashti Sha'aban, taɓa masa itace. Ka zage shi ma ya fi masa sauƙi. Tun yana saurayi ake ganin tari uku a gefen gidansa: na bana, wanda ya bushe ƙayau, na baɗi, sai ɗanye, wanda aka faskara kwanan nan, da sai ya shekara biyu yana shan iska kafin ya ga wuta. Duk itacen rash ne, mai ɓawo sumul ruwan toka. Wani itacen, in ji shi, hayaƙi ne kawai da ɓata lokaci.

Aikinsa na da doka. Da iska ta kayar da rash a dajin sama, shi ne farkon zuwa da zarto da alfadarinsa. Ba ya barin gungume ya kwana bakwai a kwance, don rash in ya daɗe cikin ɓawonsa ruɓewa yake ta ciki, ka tsaga ka ga baƙin zane-zane. Ɗanye yake faskara shi, lokacin da gatari ke shiga kamar cikin kabewa. Sai ya jera a kan duwatsu, ɓawo na sama, ya rufe kai da kwano ya bar gefe a buɗe. Kuma manya yake faskarawa, kowanne kamar cinyar ƙato. Ɗaya in ya shiga murhun ƙarfe, sai a yi azahar a yi la'asar bai cinye ba. Masu faskara sirara kuwa ba irin ba'ar da bai yi musu ba. Maƙwabcinsa Nauruz-Ali ya fi kowa shan ta.

Shekara arba'in da shida yana tare da matarsa Gulnisa, kuma ba ta taɓa ɗauko itace daga waje ba. Shi ke shigo da shi safe da yamma, yana mita. Da tsufa ya zo, sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu, ko butar shayi sai da hannu biyu take ɗagawa.

Wata kaka ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Ɗansu Yadullahi ya kai shi asibiti a birnin Sari, likita ya ce zuciya ce ta gaji. A hanyar dawowa Yadullahi ya ce, "Baba, gara in faɗa maka tun yanzu. In wani abu ya faru, Inna birni za ta dawo wurina. Wa zai ɗaga mata waɗannan gumaguman naka a cikin ƙanƙara?"

Maganar ta soki Mashti Sha'aban. Ya san Gulnisa. Kwana uku ta taɓa yi a benen ɗan nata, ta dawo kamar wadda aka sako daga kurkuku. Kajinta na nan, kabarin uwarta na nan. Mutuwar ba ta ba shi tsoro ba kamar a ce an kulle gidan an tafi da ita.

Da hunturu ya shigo, iska ta kayar da wata babbar rash, 'ya'yan Nauruz-Ali suka yanka suka sauko masa da rabonsa. Ya fito da gatari. Ya faskara gungume gida huɗu kamar kullum, ya tsaya yana huci, sannan ya sake raba kowanne biyu, ya kuma rabawa. Yakan ɗaga guntun da yatsu uku ya gwada. In bai ɗagu ba, ya koma ƙarƙashin gatari.

Nauruz-Ali ya leƙo ta kan shinge, dariya ta kusa kayar da shi.

"Mashti, asuwaki kake sayarwa bana?"

"Wuce ka ba ni wuri."

"Shekara talatin kana ce mini mai tsinken tsire! Ashe ƙarfi ne ya ƙare? In aiko maka da surukata ta kama maka?"

"Aiko ta. Ko banza ta fi ka iya riƙe gatari."

Mashti Sha'aban ya haɗiye sauran ba'ar. Wallahi ya ji zafi, don mutum ne mai son a yaba masa, amma ya ci gaba da tsagawa.

Kwana goma sha biyu yana yi, kaɗan-kaɗan, yana zama yana tashi. A rana ta ƙarshe Gulnisa ta fito da shayi, ta ajiye a kan kututture. Ta sunkuya ta ɗauki faskare guda da hannu ɗaya. Ya ɗagu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi sabon tarin, wanda bana aka jera shi daf da ƙofar ɗaki maimakon can bayan rumbu.

"Mashti, wannan na wace shekara ne?"

"Kin sani mana. Baɗin baɗaɗa."

"To wa zai ɗauka?"

Ya shiga hura shayin da ya riga ya huce.

"Au, sallama kake yi mini da gatari? Ka gama shirinka kai kaɗai, ko shawara babu?" Ta nuna gumagumai uku da suka rage. "Waɗannan manya za ka faskara su, yadda ka saba. Kai za ka shigo da su, kana mitarka. Ban yafe ba in ka bar mini su."

Ya faskara su manya.

To, Allah bai karɓi sallamar ba. Hunturu ya wuce, wani ya wuce, ga Mashti Sha'aban da ransa, sai dai tafiya a hankali. Da tarin nan ya kai ƙonawa ya ɗauki faskare biyu ya buga da juna suka yi ƙara ƙwal, bushewa kam sun bushe. Amma siririn rash ci yake kamar takarda. Kafin ya zauna ya miƙe ƙafa, wuta ta lafa.

"Mashti, tashi, asuwakinka ya cinye."

Sau ashirin a yini yake tashi. Nauruz-Ali kan zo musamman shan shayi don ya ƙirga. Mashti Sha'aban ya zagi itacen, ya zagi murhun, ya zagi mai faskaren, kuma bai taɓa jin daɗin hunturu irin wannan ba. Ranar da ƙanƙara ta fi zuba ya rungumo ɗaya daga cikin manyan, ya shigo yana haki yana mita, ya dire a gaban Gulnisa. Ta ce, "An cika alkawari," ta juya tana gyara kallabi don kada ya ga idonta.

Ƙarshen hunturun aka sake kawo masa rabonsa na ɗanyen rash. Yanzu gungume ɗaya yake iyawa a yini, leɓɓansa har sun fara yin shuɗi. Ya faskara gida huɗu, ya tsaya. Gulnisa na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ya dube ta, ta dube shi. Ya ɗaga gatari ya sake rabawa.

Wannan karon ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye faifan, ta taso, ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana jerawa da kanta kusa da ƙofa, ɓawo na sama, daidai inda hannunta zai kai.