Tsokar Ƙarshe a Zauren Baffa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Bauchi daga Jos, ni da ƙanwata. Ciwon ƙafa ya matsa wa Baba, sai ya ce in wakilce shi wajen sunan jikan Baffa, yayansa, a unguwar Ƙofar Dumi. Na gama bautar ƙasa, aiki shiru, abokaina kowa ya kama abin yi, ni kuwa har yau Mama ke tambayata ko na karya. Tsorona kada dattawa su ce an aiko musu yaro.

Hanya ba laifi, sai ramukan da suka hana ƙanwata barcin da ta ci alwashin yi. Muna sauka muka biya kasuwar Muda Lawal sayen atamfar mai jego. Mai shagon, wata 'yar kudu mai zaƙin baki, ta dinga ce mini Alhaji. Na san ciniki take nema, amma kaina ya kumbura har na manta da neman ragi.

A gidan Baffa aka fito da masa da miyar taushe, irin masar Bauchin nan mai laushi kamar auduga. Ƙafata ta kai ni tabarmar samari inda na saba, sai Baffa ya aiko a kira ni zaure, wai wurin ƙaninsa ba zai zauna wayam ba. Na tanƙwashe ƙafa tsakanin masu furfura. A gidanmu yaro ba ya taɓa nama sai babba ya miƙo masa, don haka na yi ta cin masa ina jira. Nama na ta raguwa, ina binsa da wutsiyar ido. Da ya rage tsoka ɗaya, Baffa ya dube ni.

"Ɗana, a kwanon nan ba a miƙa wa kowa. Wanda ya zauna nan, da hannunsa yake ɗauka."

Dattawa suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, na kai hannu. Rabinta jijiya ce, amma ban taɓa cin nama da farin ciki irin na ranar ba.

Washegari muka dawo gida lafiya, Baba ya sha dariyar labarin har da hawaye. Abin da na taho da shi daga Bauchi ke nan: an daɗe da yi mini wuri cikin manya, ni ne dai na naɗe hannu ina jiran a miƙo.