Jiƙaƙƙen Tawul a Kan Batir

Wari na fara ji. Wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar an buɗe kwalbar jan farce kusa da murhu. Ina kan kekena mai caji, na baro shagon ɗinkin da nake aikin surfani a Fadaman Mada, na kusa Ƙofar Wambai, bayan azahar, rana kamar ta fasa kai. Na ce a raina ko wani mai fenti ne a gefen hanya. Sai na ji ɗumi a ƙwaurina ta cikin siket, ɗumin da ba na rana ba.

Keken na Yayana ne, ya bar mini da ya samu aiki a Jos. Da farko caji ɗaya kan kai ni shago ya dawo da ni gidanmu a Ƙofar Dumi har kwana biyu. Bayan shekara da rabi batirin ya fara gajiya. Sai ya mutu mini a rabin hanya, in sauka in tura, 'yan acaɓa suna wucewa suna cewa, "Hajiya, mai ya ƙare ne?" Na kai wa mai gyara a bakin kasuwa. Ya juya shi, ya ce, "Ƙanwata, wannan ya ci zamaninsa. Hanya biyu ce. Ko a aiko miki sabo daga Kano, ko in haɗa miki nawa." Nasa ɗin da ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta yake haɗawa, ya mayar cikin tsohon gidan batirin, ya naɗe bakin da salatif. Sabon ya fi ƙarfinmu. Na ɗauki nasa.

Da zan tafi ya bi ni da magana: "Abu ɗaya, ba ya son zafi. Kar ki bari ya yi zafi."

Na riƙe maganar nan sosai, ita ce ma ta cuce ni. Watan bazara ne, duk sanda na iso gida in na taɓa shi sai in ji kamar dutsen guga. Na faɗa wa Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke zaune tare da mu. Ta ce, "To, wannan har abin damuwa ne? Yadda muke yi wa jarkar ruwa mana." A gidanmu in an ɗauke wuta, buhu ake jiƙawa a naɗe jarka, a ajiye inda iska ke kaɗawa, ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Tun ina ƙarama haka na gani. Na samu tsohon tawul, kullum kafin in hau sai in tsoma shi a bokiti, in naɗe batirin, in ɗaure da igiyar roba. Kuma ya yi sanyi, wallahi ya yi. Har yabon kaina nake. Sati uku ruwa yana bi ta ƙarƙashin salatif ɗin yana shiga, ban sani ba.

Ranar, da na ji ɗumin, na tsaya gefen wani masallaci. Da na san abin da na sani yanzu, da gudu zan yi. Amma tunanina tawul ne ya bushe. Na durƙusa, na kai fuskata kusa, na fara kwance igiyar. Na ji wani sauti siriri, tsssss, kamar an ɗiga ruwa a kaskon suya. Farin hayaƙi ya feso mini a ido.

Ban ga wutar ba. An ce ta tashi sama da tsayin mutum. Abin da na sani, wani ya fizgi hijabina ta baya ya ja ni a ƙasa, maza suna ihu a kawo yashi, ni kuma idanuna kamar an cusa barkono an ɗinke. Ina ta salati. Wani ya ce a zuba nono, wani ya ce man ja. Sai muryar wata mata ta ratsa su duka, da Hausar mutanen kudancin jiharmu: "Ku bar shi! Ruwa kawai! Ku kawo butan masallaci duka." Ta danne kaina a cinyarta, ta buɗe mini ido da yatsunta. "Yarinya, yi haƙuri, ka buɗe. Ko ka zage ni ba zan sake ba." Buta tana ƙarewa ana miƙo wata. Daga baya aka ce mini tsohuwar nas ce, ta fito sayen kayan miya. Har yau ban san fuskarta ba.

A asibiti aka ƙara wankewa, aka sa magani, aka rufe idanun biyu da bandeji. Likitan ya ce sai bayan kwana uku zai iya cewa wani abu.

Kwana ukun nan ban san yadda zan rubuta su ba. Abin da nake ci da shi ido ne. Zare mai siririn gashi nake zurawa a allura tun safe har bayan azahar. Ina kwance ina ta gwada tuna zanen rigar da na bari a shago, reshe nawa na gama, ina fargabar ko shi ne na ƙarshe. Umma tana ba ni kunu a cokali, tana cewa, "Sha, ba a kanki aka fara ba." Gwaggo ta zo sau ɗaya, ta zauna a bakin gado, tana ta cewa, "Ni ce na jawo, ni ce." Na ce mata, "Gwaggo, hannuna ne ya jiƙa tawul ɗin." Yaya ya kira daga Jos yana rantsuwa sai ya yi shari'a da mai gyara. Na ce ya bar bawan Allah, shi zafi ya hana ni, bai taɓa tunanin akwai mai yi wa batir wanka ba. Yaya ya yi dariya, sai dariyar ta koma wani abu, ya kashe wayar.

Ko yanzu da nake rubutun nan, in aka watsa albasa a mai ta yi tsssss, sai na miƙe tsaye.

Rana ta uku da hantsi aka kai ni ɗakin likita. Ya warware bandejin a hankali. Haske ya soke ni, komai ya yi dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin leda. Na fashe da kuka, na ce, "Likita, ba na gani sosai."

"Maganin shafawa ne ya cika idon. Tsaya, kar ki murza."

Ya ɗiga wani ruwa, ya sa na ɗora haɓata a jikin na'ura, ya daɗe yana dubawa, dama, hagu, ya sake komawa dama. Ina jin Umma a bayana tana jan carbi.

"Wa ya zuba miki ruwa a wurin?"

"Wata mata ce, ban san ta ba."

"To ki yi ta yi mata addu'a. Sama-sama ne ya ƙone, kuma ya fara haɗewa. Cikin bai taɓu ba."

"Zan iya komawa ɗinki?"

"Ba wannan satin ba," ya ce, yana rubutu. "Amma idonki na nan, duka biyun. Mama, ku tashi ku je gida."